Injiniya Ba Ya Waiwaye

Bas ɗin bai gama fita daga tasha ba Injiniya ya fara. Da farko guna-guni ne, yana jan zif ɗin jakar uwarsa da yatsu biyu. Da ta matse jakar a hammata sai ya sandare, ya banƙare baya, ya tsala ihun da ya sa kwandasta ya waiwayo.

"Madam, ciwo ne?"

"Rigima ce kawai," in ji ta, tana kokawar zaunar da shi a cinyarta.

Shekarar yaron uku da 'yan watanni. Masu zuwa shagonta na fotokwafi ne suka laƙaba masa Injiniya, don tun yana tafiya yana faɗuwa ya iya buɗe waya ya nemo bidiyonsa da kansa. Sunan ya bi shi har gida, ita ma ta koma Maman Injiniya a bakin kowa.

Dattijuwar da ke gefenta ta kauce wa ƙafar yaron, ta ce, "'Yar nan, ba ki da waya ne? Jikokina ita ake miƙa musu, tsit kake ji kamar an ɗauke wuta."

"Ita ce ai ke lalata su," wani mai jakar ofis ya tsoma baki daga baya. "Mu da aka raine mu ba waya, mun mutu ne?"

"Kai ka raini yaro ko sau ɗaya?" dattijuwar ta tambaye shi ba tare da ta juya ba. Mota ta ɗauki dariya.

Maman Injiniya ba ta yi dariya ba. Wayar na cikin jaka, kuma da safen nan maigidanta ya sake jaddada mata a bakin ƙofa cewa ko a hanya kada ta ba shi. Ta ce to. Amma yaron ya fara buga ƙeyarsa a ƙirjinta, hawaye da majina sun haɗe, direba ma ya fara leƙen madubi. Ta zuge jakar ta miƙa masa, tana kallon taga kamar hannun wani ne ya bayar.

Kukan ya yanke nan take. Ya danna, ya ƙure ƙarar har ƙarshe kamar yadda ya saba, waƙar ƙirga ta cika motar. Ya kalli allon, ya manna wayar a kumatunsa, ya sake kallo.

"Ki rage mana, don Allah," in ji mai jakar ofis.

Ta rage. Yaron ya mayar. Ta bar shi.

Ba da mugun nufi ta fara ba. Shagon ɗaki ɗaya ne, injin fotokwafi biyu, kwamfuta ɗaya, ga ɗalibai da masu neman aiki kowa na cewa nasa ne na gaggawa. Babu mai riƙe mata yaro. Sai ta shimfiɗa masa bargo a ƙarƙashin kantar shagon, ta jingina waya da kwalin takarda. Ba ko wane shirme take kunna masa ba, da kanta take zaɓa: haruffa, launuka, sunayen dabbobi. Har alfahari take yi. Ranar da ya ware mata takardu masu launi, ja da ja, shuɗi da shuɗi, sai da ta ɗauki hotonsa ta tura wa 'yan uwanta.

Magana ce kawai ba ta zo ba. "Ma" yake cewa, da "ba", sauran duk nuni ne da jan zani. Surukarta ta fara da wasa, wai ubansa a shekarun nan har tsegumin maƙwabta yake kawo mata. Daga baya wasan ya ƙare. "Kin ba wa gilashi rainon ɗanki," ta ce mata a gaban baƙi, "ga shi ya koyi halin gilashi, sai kallo."

Sai ranar da ya fice daga shago. Tana tsakiyar ciro takardar da ta maƙale a inji ta hango shi ya nufi titi, yana bin wata leda da iska ke ja. Ta kira shi. Ta sake kira, ta ƙwala har muryarta ta dushe. Ko waiwaye bai yi ba. Mai babur ne ya kauce ya faɗa kan tiren mai lemo. Da ta cafko yaron, ba ta san lokacin da ta zabga masa mari ba. "Kana jina! Kana jina ka yi banza da ni!" Ya tsaya yana kallon bakinta, hannunsa a kunci, kafin kukan ya zo.

A ranar maigidan ya yanke hukunci: waya ta cinye hankalin yaron, daga yau ko hotonta kada ya gani. Tun daga nan gidan bai sake samun lafiya ba. Injiniya ya daina wasa, ya koma cizo da jifa. Wata malamar makarantar yara da ke zuwa buga takardun jarrabawa ce ta ce su daina zargin juna, su kai shi a duba.

A asibiti ta karɓi kati, ta zauna a benci cikin layin uwaye. Tun a bakin ƙofa ta ƙwace wayar, ta sha wani sabon kukan, don kada likita ta gan shi da ita. Da aka kira su, ta tarar da mace mai matsakaitan shekaru, gilashinta rataye a wuya, tebur cike da kayan wasan da duk sun sha hannu.

"Me ke tafe da ku?"

"Likita, ba ya magana. Kuma ni na jawo." Ta faɗa da sauri kamar mai sauke kaya. "Tun yana ƙarami nake ba shi waya. Kullum, tun safe har mu tashi daga shago. Na karatu ne, amma dai waya ce. Yanzu ko kiransa aka yi ba ya kula mutum."

Ta jira faɗa. A hanya ma ta shirya yadda za ta sunkuyar da kai ta karɓa. Likitar dai ta rubuta wani abu, ta zube wa yaron 'yan katakai masu launi da lambobi a kan tabarmar roba. Injiniya ya share majina da bayan hannu, ya durƙusa. Ya ware su launi-launi, sannan ya jera lambobin daga ɗaya har goma, bai kuskure ko guda ba.

"Wa ya koya masa wannan?"

"Bidiyon ne," ta ce a hankali.

"To kansa dai lafiya lau yake." Likitar ta miƙe, ta zagaya bayansa. "Ki zauna inda kike, kada ki motsa, kada ki kalle ni."

Ta kira shi da murya irin ta hira. Yaron na ta gyara jerin katakansa. Ta ɗaga murya kaɗan. Shiru. Ta kaɗa mukullai kusa da kafaɗarsa ta hagu, ya ci gaba da abinsa. Sai da ta buga tiren ƙarfe a gefen tebur ya ɗago, ya duba gaba, ya duba dama, yana neman inda abin ya fito.

Likitar ta ajiye tiren, ta dubi Maman Injiniya.

"In yana kallon bidiyon, yaya yake sa ƙarar?"

"Har ƙarshe. In na rage ya mayar. Na ɗauka fitina ce."

"Yana yawan mura? Yana jan kunnensa? Yana barci baki buɗe?"

"Mura kam ba ta rabuwa da shi. Kunnen..." Ta tsaya. Ta yi ƙoƙarin hango shi a ƙarƙashin kantar, amma abin da take iya tunowa ƙeyarsa ce kawai da hasken allo. "Ban sani ba, Likita. Ban lura ba."

Likitar ta haska kunnuwansa da 'yar fitila, yana ta zillewa, sannan ta tura su ɗakin gwajin ji a ƙarshen baranda. Can wani matashi ya sa wa yaron wata 'yar na'ura a kunne, ya yi ta wasa da shi da ƙararraki iri-iri. Ita tana riƙe da takalmansa a cinya, tana kallo. Sau da yawa tana jin ƙarar sarai daga inda take, ɗanta kuma ko gezau.

Da suka dawo da takardar, likitar ta sa gilashinta ta karanta.

"Ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, duka biyun, na hagu ya fi. Yana faruwa ga yara masu yawan mura, kuma da alama ya daɗe. Kin taɓa nutsar da kanki a ruwa ana miki magana daga waje? Haka yake jin ku."

"Wayar ce ta sa?"

"A'a."

"Ƙarar da yake ƙurewa fa? Ko ita ta..."

"Don ba ya ji yake ƙurewa. Ba ita ta kawo ruwan ba."

Ya kamata ta ji sanyi. Maimakon haka sai ta ji kamar an janye kujerar da take kai. Laifin wayar ta san shi, ta saba da nauyinsa, har ta san maganinsa: a ɓoye ta a saman kabad. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

"To ba ta yi masa komai ba ke nan?"

Likitar ta cire gilashin. "Ban ce haka ba. Ta koya masa abin da ido ke iya koya, kin gani da idonki. Amma bidiyo ba ya tsayawa ya ga ko an ji shi. Da mutum ne ke masa wannan waƙar fuska da fuska, da tuni ya ce yaron nan ba ya ji. Yaro in ya yi shiru ba ya damun kowa, sai a ɗauka lafiya ce."

"Na mare shi," in ji Maman Injiniya. Ba ta yi niyyar faɗa ba. "Ya nufi titi, ina ta kira. Na ce yana jina."

Likitar ba ta ce mata "ba komai" ba, ba ta kuma ɗora mata laifi ba. Ta tura mata kwalin tishu, ta jira. Sannan ta yi bayani: za a tura su wurin likitan kunne, wataƙila a ɗan jira a ga ko ruwan zai janye, in bai janye ba akwai ƙaramin aiki da ake yi, yawancin yara jinsu na dawowa. Maganar ce za ta buƙaci haƙuri. A riƙa zuwa gabansa kafin a yi masa magana, a durƙusa daidai tsayinsa, a ɗaga murya ba tare da tsawa ba, ta ɓangaren dama. Wayar kuma kaɗan, kuma in zai kalla a zauna tare da shi.

A waje rana ta take. Ta samu benci a ƙarƙashin rumfar masu jiran magani, ta zaunar da shi, ta sa masa takalma. Ya gaji, ya jingina da ita yana wasa da igiyar jakarta. Ta dubi kuncin nan na hagu. Babu alamar komai, ya daɗe da warkewa. Ta sa tafin hannunta a wurin, ya ɗago ya kalli bakinta yana jira.

Wayar ta yi ƙara a jaka. Maigidan ne, daga garejin da yake aiki, tana jiyo bugun ƙarfe a bayansa.

"Yaya? Wayar ce ko? Ai na faɗa miki."

Da ta ce e, da magana ta ƙare a inda kowa ya saba. Surukarta ta samu gaskiyarta, shi ya samu tasa, ita ta ci gaba da ɗaukar laifin da ta riga ta iya ɗauka.

"Ba ya ji ne, Baban Injiniya."

"Ai shi nake cewa, ba ya jin magana."

"Ba ya ji. Kunnensa. Ruwa ne a ciki, ya daɗe. Duk kiran da muke masa, daga nesa yake jin mu kamar a cikin rijiya, wani lokacin ma ba ya ji sam."

Bugun ƙarfen ya yi nisa, alamar ya fita waje.

"Jiya ma," ya fara, bai ƙarasa ba. Ta san jiyan. Ya ce wa yaron ya kawo masa takalmi har sau nawa, da bai motsa ba ya daka masa tsawar da ta sa ya saki fitsari a tsaye. "Ana warkewa?"

"Ta ce yawanci ana warkewa. Za mu ga likitan kunne."

"Yana kusa da ke?"

"Ga shi a jikina."

"Ba shi wayar."

Ta ɗan tsaya. "Wayar?"

"Ki sa masa a kunne. Wanne ne mai dama-dama?"

Ta ƙure ƙarar, ta juyo da yaron, ta kara masa a kunnen dama. Ya kai hannu zai fizge don ya ga allo, sai muryar ubansa ta fito da ƙarfi: "Injiniya! Injiniya na!"

Yaron ya tsaya cak. Ya zaro ido, ya ciro wayar ya duba, babu hoto, babu waƙa. Ya mayar da ita kunnensa da hannu biyu, ya riƙe gam.

"Ba," ya ce.

Injiniya na jira, bakinsa a buɗe. Ta matso da kanta kusa da nasa, ta ji numfashin mijinta, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa, da ita yake.

"Ke, me zan ce masa?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, ta ga ita ma sai ta yi tunani.

"Ko me," ta ce. "Ka faɗa masa motar da kake gyarawa. Ka dai ɗaga murya."