Dankali Babu Gishiri

Ranar da labarin ya iso, Daado tana tsugune bakin murhu tana feraye doya. Wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida, ya cire hularsa ya yi ta jujjuya ta a hannu. Tun bai buɗe baki ba ta gane, domin a bayansa ga Jandarma, karen mijinta Tamu, harshe a waje, ƙafafu duk jar ƙasa. Tun daga gonar kashun da Tamu yake gadi ya biyo babur da gudu har cikin garin Paraku. Wai Tamu ya zauna gindin bishiya ya huta, shi ke nan bai sake tashi ba.

Da safen nan lafiya lau suka rabu, har da faɗansu na kullum a kan dankali. Shekara da shekaru Tamu yana cewa gyambon ciki gare shi, likita ya hana shi gishiri da yaji. Kullum sai ta dafa masa dankali mai zaƙi, salam babu komai, ta yayyanka ƙanana, ya zuba a aljihun kwat ɗinsa na gadi ya tafi. Da yamma kuwa ya dawo ya share sakwara da miyar gyaɗa mai barkono, har da neman ƙari. Takan ce ba ta taɓa ganin gyambon da ke tashi daga aiki da azahar ba sai nasa.

Bayan jana'iza ƙanensa ya ɗauki keke, wani ya ɗauki rediyo. Babu wanda ya ce uffan a kan kare, sai ya zama gadon Daado, shi da kwat ɗin da ta rataye a bayan ƙofa.

Jandarma bai san zaman gari ba. Masu zuwa gaisuwa duk wanda ya kalli idonsa sai tausayi ya kama shi, ya jefa masa ƙashi ko loma da miya. Cikinsa ya ɓaci, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Duk wanda ya fito tsakar gidan hayar nan da safe sai ya yi tafiya irin ta mai tsallake kududdufi. Ga koran zabin mai gida, ga dafa masu sayen sakwarar Daado da ƙafafu biyu kamar ya san su tun da.

Baba Kora mai gidan ya daure har makoki ya watse. Ranar da sabon takalminsa ya taka abin da ya taka, ya zo riƙe da shi nesa da jikinsa.

"Daado, Allah ya ji ƙan Tamu, mutumin kirki ne. Amma wannan ɗan nasa mai ƙafa huɗu, ko ya koyi zama da mutane ko ya bar min gida. Maharban garin Nikki suna neman irinsa."

Da ran Tamu, Daado ba ta ƙaunar karen ko kaɗan. Amma yanzu duk asuba in ta buɗe ƙofa, yana kwance daidai inda Tamu yake ajiye takalmansa. Kuma shi ne ya gan shi ƙarshe. Ta ce wa Baba Kora ya ba ta lokaci.

Ta tuna yadda Tamu yake yi. Ya ce zauna, kare ya zauna, ya miƙa masa wani abu a baki. Mene ne abin, ba ta taɓa dubawa ba. Ganigi, maƙwabciyarta mai sayar da wagashi, ta ce ai babu mai rai da zai ƙi cukun nan nata. Gaskiyarta. Da wagashi Jandarma ya zauna, ya kwanta, har birgima ya yi da ba a tambaye shi ba. Kafin la'asar sai da Daado ta ƙarar da tokar murhu biyu tana rufe tsakar gida.

Aka gwada ƙuli-ƙuli. Aka gwada soyayyen kifi. Mai tsiren bakin titi ya ba da guntu kyauta, ya rantse babu yaji, ashe nufinsa babu yaji da yawa. Jandarma ya rame, haƙarƙari suka fito, ya koma cin ciyawa kamar akuya.

"Ƙawata, wannan ba kare ba ne," in ji Ganigi. "Babban ma'aikaci ne. Ki nema masa shayi da burodi, ki sa masa kujera."

"Wagashinki dai ya kusa kashe min maraya."

"Ni da nake cinsa tun ban da haƙori? Dube ni."

"Ina kallonki. Shi ya sa na tsorata."

Ana haka sai ga likitar dabbobi ta zo yi wa awakin Baba Kora allura. Daado ta ja kare ta kai mata. Likita ta latsa cikinsa, ta tambayi abin da ya ci, Daado ta fara lissafawa. Ba ta kai rabi ba matar ta dafe kai. Ta ce tukwicin horo ba biki ba ne. Abu ɗaya za a zaɓa, ɗan mitsitsi kamar kan yatsa, kada a canza sai an ga yadda cikin ya karɓa. Ban da mai, ban da nono, ban da yaji, ban da gishiri.

"To me ya rage a duniya?" in ji Daado.

"Dafaffen dankali ma ya isa, Mama. Ki yanka ƙanana."

Daado ta yi tsaye riƙe da igiya. Sai ta juya ba sallama, ta shiga ɗaki, ta sauko da kwat ɗin daga bayan ƙofa. Tana zura hannu a aljihu ta ji ɓurɓushin busasshen dankali. Ta waiwaya. Jandarma ya biyo ta har bakin ƙofa, kunnuwa a tsaye, ya zauna ƙyam, idonsa a kan aljihun. Ko "zauna" ba ta ce masa ba.

"Tamu, maƙaryacin banza," ta ce. "Ashe kuku ka mai da ni ta karenka."

Ya san in ya ce na kare ne, ko ruwan zafi ba za ta ɗora ba. Ta yi dariya har ta zauna a bakin gado, daga nan dariyar ta zama wani abu dabam. Ganigi ta leƙo, ta koma.

Cikin Jandarma ya kwanta, tsakar gida ta huta. Matsala ɗaya, ba ya jin magana sai in hannu ya fito daga wannan aljihun, zani kuwa ba shi da aljihu. Don haka Daado ta riƙa ɗora kwat a kan rigarta, hannuwansa sun rufe mata yatsu, gindinsa yana dukan gwiwa.

A haka Baba Kora ya same su wata safiya, zabinsa suna wucewa ta gaban hancin kare. Jandarma yana karkarwa tun daga kunne har jela, amma gindinsa bai bar ƙasa ba. Daado ta ba shi ɗan dankalinsa. Tsohon ya kalli kare, ya kalli kwat, ya ce yanzu jandarma biyu gare shi a gida, ɓarawo sai ya nemi wata unguwa. Bai ƙara ambaton Nikki ba.

Jandarma ya daɗe da haddace darasinsa, ko babu tukwici zai zauna. Amma har yau, kafin ta ɗora doyar sayarwa, Daado takan fara ɗora ƙaramar tukunya. Ta yayyanka dankalin, ta bar shi ya huce, ta zuba a aljihun kwat, ta ɗan daddaɓa shi daga waje.

"Ga maganin gyambonka nan," takan ce, sannan ta buɗe ƙofa.