Rijiyar Gidan Remediyos

Ranar bikin Waliyyi Yohanna Mai Baftisma, damina ta cika rijiyoyin ƙauyukan Gowa ta ƙasar Indiya har baki. Samari kuwa, da rawanin furanni a ka, suna bi gida-gida, mai gida ya jefa kwalbar feni cikin rijiya, su yi tsalle su tsamo. Feni dai giyar kashu ce, ta fi ƙarfin ƙato balle yaro.

Benbinda, shugabar ƙungiyar matasan coci, ta sha yawo tana roƙon masu rijiya su ba yara mangwaro kawai. Kowa ya ce to, ban da tsoho Remediyos mai kunnen ƙashi, wanda ya ce al'adar kakanni ba ta mace ɗaya ba ce. Rijiyarsa ce mafi zurfi, ga duwatsu a gefe.

Da suka iso gidansa, Benbinda na gaba rungume da mutum-mutumin Waliyyin, sai tsohon ya cilla kwalba ciki, ya ce a ba ɗan Kayitanu hanya, yau za a ga ko ya gaji ubansa.

Agnelo ke nan, ɗan shekara goma sha biyar. Ubansa ya fi kowa iya nutso, kuma feni ce ta cinye masa hanta har ya rasu bara. Yaron ya tuɓe riga, ya nufi bakin rijiyar yana tangaɗi. Tun daga nesa Benbinda ta ji warin abin da abokai suka ɗura masa. Ita ta koya masa addu'ar farko, ta san halinsa sarai: in ta ce kada ya shiga a gaban jama'a, to ya shiga ya gama.

Ta haɗiye zagin da ta tanadar wa Remediyos, ta taka ta ɗora wa Agnelo mutum-mutumin a ƙirji, ta ce bayanta ya gaji. Kowa ya san wanda ya karɓi Waliyyi ba ya ajiye shi sai a cikin coci.

Yaron ya tsaya cak, ya yi ƙasa da murya.

"Anti, na sha fa."

"Na sani, ɗana. Riƙe da hannu biyu."

Remediyos ya yi ta mita, har wani magidanci ya faɗa ya tsamo kwalbar, aka ci gaba da kiɗa.

Benbinda da Agnelo suka kama hanyar coci cikin yayyafi, tana tallafe da gwiwar hannunsa yadda ba wanda zai lura. Sun yi nisa kafin ya ce babansa ya yi ta roƙon a ba shi Waliyyin ya ɗauka ko sau ɗaya, ba a taɓa yarda ba.

Tausayi ya kama ta. Ta gyara masa furannin da suka karkace.

"Anti," in ji shi, "in na yi tuntuɓe fa?"

"Ai ba inda zan je," ta ce.