Kunnen Batulu na Hagu

Shekara uku ke nan da jin Batulu ya fara raguwa. Kunnen dama ne ya fara tafiya, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da ita mako biyu. Na hagun ya saura, amma shi ma sai an ɗaga murya sosai. Mijinta, Malam Maikasuwa, tsohon malamin gona ne da ya yi yawancin aikinsa tsakanin Roni da Gwiwa kafin ya yi ritaya ya dawo gidansa a Kazaure. Tun yana saurayi mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, har manoma kan matso kusa da shi kafin su ji shawarar da yake ba su. Yanzu kuwa a cikin gidansa sai ya yi ihu. In zai ce an kawo ruwa, ko zai fita masallaci, sai maƙwabta sun ji. Saboda haka maganarsa da matarsa ta koma guntu-guntu, abin da ya zama dole kawai.

Autarsu Zulaiha, da ke aiki a Dutse, ta taɓa sayo wa uwarta 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kunne. Batulu ta sa ta kwana huɗu, ta ce fito take yi mata a cikin kai, ta naɗe ta a hankici ta ajiye a kwano.

Abin da ya fi damun Malam shi ne rediyo. Da can Batulu ba ta rabuwa da ita. Tana tsintar wake tana gardama da masu karanta labarai, tana amsa gaisuwar da ba ita aka aiko wa ba. Wata rana ya lura rediyon ta yi ƙura a kan taga, ba wanda ya taɓa ta.

Ran wata Laraba, yana dawowa daga jana'iza, ya biyo ta gaban shagon Haladu, mai sayar da kayan wuta na hannu kusa da tasha. Wata murya ce ta tsayar da shi, tana fitowa daga shagon tar da ita kamar mai maganar na tsaye a bakin ƙofa.

"Haladu, wannan kuma wace irin rediyo ce?"

"Ba rediyo ba ce kawai, Baba. Hom tiyata ce. Wannan baƙin akwatin shi ne amfilifaya, shi ne kan komai. Ga sifiku biyar, ga kuma babbar nan mai ƙugi. Tana kama tashoshi, tana haɗuwa da talabijin, har da waya ba sai an sa igiya ba."

"Wanda ba ya ji sosai fa, zai ji?"

Haladu ya yi dariya. "Baba, in na ƙure ta, mutanen bayan dutse ma sai sun ji."

A adaidaita sahu aka kai kayan gida. Haladu da kansa ya biyo ya jera sifikun a kusurwoyin falo, ya jona akwatin da solar da Zulaiha ta sa musu, ya miƙa wa Malam rimot mai maɓallai kusan hamsin, duk da rubutun Turanci ƙanana-ƙanana, ya tafi.

Malam ya zaunar da Batulu a tsakiyar falon, ya kamo tashar da ta fi so, ya murɗa. Ɗakin ya ɗauki rugugi. Kwanukan da ke jere a kabad suka shiga kaɗawa, kaji suka watse a tsakar gida. Ya juyo yana kallonta da murna.

"Kina ji?" ya ce da ƙarfi.

Ta yi murmushi. "Ina ji, Malam. Ya yi daɗi. Allah ya saka da alheri."

Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ya san wannan murmushin. Irin wanda take yi wa baƙi ne in sun yi magana ba ta ji ba. Ya kashe akwatin, ya matso gefenta na hagu.

"Gaya mini gaskiya."

Ta sunkuyar da kai. "Kamar injin niƙa ne. Ina jin sa a ƙirjina, amma ban san me suke cewa ba."

Washegari tana kicin ya zauna shi kaɗai da tabarau a hanci yana latsa maɓallai. Ya latsa wani, muryar mai labarai ta koma kamar daga cikin rijiya. Ya latsa wani, komai ya yi tsit, sai wata 'yar fitila ja da ke ƙyaftawa. Ya kashe ya kunna, ya zare waya ya mayar, shiru. Kwana biyu akwatin bai ce uffan ba, shi kuma kunya ta hana shi komawa shago. Batulu ta ɗauko wani zanen teburi mai furanni ta lulluɓe akwatin, wai kada ya yi ƙura. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Rana ta uku ya sa rimot a aljihu ya tafi wurin Haladu. Wannan karon ya yi masa bayani sosai: kunne ɗaya ne, na hagu, kuma magana ake so ta ji, ba kiɗa ba.

Haladu ya daina dariya. "Ai da ka faɗa mini haka tun farko, Baba. Ni na ɗauka ƙara kake so. Ƙara ba ita ce ji ba. Ka ga doguwar sifikar nan ta tsakiya? Ita ke ɗauke da muryar mutane. Babbar mai ƙugi kuwa ita ke danne maganar. A rage ta, a ƙara ta tsakiya." Ya karɓi rimot ɗin ya duba. "Shirun nan kuma ba lalacewa ba ce. Ka mayar da ita kan talabijin ne, alhali ba a jona talabijin ba."

Malam ya sa Haladu ya maimaita masa sau uku, yana rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar taki. Da ya dawo gida ya yaye zanen, ya zare wayar babbar sifikar gaba ɗaya, ya tura ta bayan kujera. Ta tsakiyar kuma ya sauko da ita ya ɗora a kan kujerar tsugunno, daidai kafaɗar Batulu ta hagu. Daga nan suka shiga gwaji. Yana ƙarawa tana girgiza kai, yana ragewa tana yamutsa fuska. Ya matsar da sifikar taku ɗaya, ya karkata ta kaɗan. Sun fi awa guda a haka. Can sai ta ɗaga masa hannu, alamar ya tsaya.

"Ya ce an yi ruwa a Babura jiya," ta ce a hankali. "Ya ce har masu gero sun fara shuka."

Malam ya duba akwatin, ya dube ta. Abin da mai labaran ya faɗa ke nan, kalma da kalma.

A ranar ya nemo filasta fara ya rufe duk maɓallan rimot ɗin, ya bar huɗu: na kunnawa, na ƙarawa, na ragewa, da na sauyawa tsakanin rediyo da waya. Ya ce ko shi kansa ba ya yarda da yatsansa.

Akwai kuma maganar Yaya Shatu, yayar Batulu da ke zaune a Kanya Babba. Ciwon ƙafa ya hana ta tafiye-tafiye, don haka sai ta riƙa aiko saƙon murya ta wayar ɗanta zuwa wayar Malam. Duk saƙon da ya shigo, Batulu kan kara wayar a kunne ta gyaɗa kai, sannan Malam ya taƙaita mata da ihu: tana gaishe ki, kowa lafiya. Saƙonni sun taru fiye da na wata takwas.

Bayan la'asar ranar Juma'a Malam ya haɗa wayar da akwatin kamar yadda ya rubuta a takardarsa, ya koma can sama ya latsa saƙo na farko. Muryar Yaya Shatu ta fito daga gefen kafaɗar Batulu, da 'yar rawarta da tarin da take yi kafin ta fara zance.

"Batulu, kin tashi lafiya? Ya jikin naki? Tinkiyar nan da kika ba ni ta haifi biyu, amma ɗayan raggo ne, ba ya son tsotso..."

Batulu ta rufe baki da gefen mayafi. Ta yi dariya, ta share ido, ta amsa gaisuwar kamar yayarta na zaune a ɗakin. Saƙo na ƙarewa na gaba na shiga da kansa. Ganin ta nutsu, Malam ya ajiye wayar a kan tabarma ya fita tsakar gida ya zuba wa kaji dusa.

Yana can ya jiyo wata murya dabam daga falon. Sai da ya ɗan saurara kafin ya gane tasa ce. Ya manta sarai da amsar da ya taɓa aika wa Yaya Shatu watanni baya, wata rana da Batulu ta je unguwa.

"Yaya, ina wuni. Saƙonninki na isowa, kada ki daina. Amma in gaya miki gaskiya, ba ta jin su. Karawa take yi a kunne don kada ranmu ya ɓaci. Ni ma haka take yi mini. Yaya, na gaji da yi mata ihu. Matar da ban taɓa ɗaga wa murya ba, yau ga ni kullum kamar mai faɗa. Abubuwa da yawa nakan so in ba ta labari in na dawo daga gari, sai in ga ba irin maganar da ake faɗa da ihu ba ce, sai in haɗiye. Kewar hira da ita nake yi, alhali ga ta a gabana. Ki taya mu da addu'a."

Ya taho da sauri, kwanon dusa a hannu, amma kafin ya kai ƙofa saƙon ya ƙare. Ya tsaya a bakin labule. Batulu na zaune yadda ya bar ta, tafin hannunta a kan sifikar.

"Wannan ba naki ba ne," ya ce, ya ma manta bai ɗaga murya ba. Ba ta ji shi ba, amma ta ga bakinsa.

"Malam, sake sa mini."

Ya girgiza kai.

"Don Allah. Ba don abin da ka faɗa ba kawai." Ta shafa sifikar. "Muryarka ce. Na manta haka take. Shekara uku ihunka kawai nake ji, har na fara zaton ka gaji da ni ne."

Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya shigo ya zauna a tabarma kusa da ƙafarta, ya sake latsa saƙon. Suka saurara tare, shi yana kallon ƙasa kunya ta ishe shi, ita tana kallon ƙeyarsa. Da ya ƙare ta ce, "To wane labari ne kake haɗiyewa?"

Ya buɗe baki, ya tuna sai ya yi ihu, ya rufe. Sai ya ɗauki wayar, ya naɗi muryarsa a hankali, ya sa mata ta ji a sifikar: "Ki bari sai gobe."

Washegari da hantsi yana shagon Haladu. Ashe a gaban akwatin akwai wani rami da ake cusa makirfo. Haladu ya lalubo masa wata tsohuwa mai doguwar igiya, ya gargaɗe shi kada ya kusantar da ita bakin sifikar. Gargaɗin bai hana ba. Gwajin farko ta yi wata ƙara mai tsini da ta sa Malam ya toshe kunne, Batulu kuma ta yi ta dariya, ta ce wannan kam ko kunnen dama ya ji. Sai da ya ja kujerarsa can ɗaya ɓangaren ɗakin kafin abin ya daidaita.

Ya riƙe makirfon da hannu biyu kamar mai shirin huɗuba. "Salamu alaikum," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Wa alaikumus salam. Ka ajiye wannan ladabin, ba taro ba ne. Fara mini daga bikin ɗan abokinka Daudu na Roni. Na ga kun dawo kuna ta dariya a zaure, ba wanda ya gaya mini dalili."

Ya fara. Ya ba ta labarin motar 'yan rakiyar amarya da ta maƙale a rafi, da yadda Daudu ya tuɓe babbar riga ya shiga turi ya fito ba takalmi ɗaya. Ta tsayar da shi sau biyar tana tambaya. Daga nan ta nemi labarin rigimar iyakar gonarsu ta Gwiwa, wadda ashe an sasanta tun bara ba ta sani ba. Da ta ji yadda aka raba, ta ce an ƙware shi, suka yi gardama sosai, irin wadda suka daɗe ba su yi ba. Abincin rana bai sauka ba sai bayan azahar.

Akwatin ba ya rasa halinsa. In ya yi awa biyu a kunne sai ya ɗau zafi, dole a bar shi ya huce. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, batirin sola ba ya ɗaukarsa, sai su haƙura. Ɗaya daga cikin ƙananan sifikun ta fara zuza kamar ƙudan zuma, Malam ya cire ta ya ajiye. Da Zulaiha ta zo hutun ƙarshen wata ta ga sifiku biyu a jibge bayan kujera da rimot a naɗe da filasta, ta ce, "Baba, ai kun kashe kayan nan. Ba haka ake amfani da su ba."

"Haka mu muke amfani da su," in ji Batulu, domin Zulaiha na tsaye kusa da makirfon, ta kuma ji ta sarai. Ta nuna mata kujerar Malam. "Zauna can ki ɗauka. Ina son in ji zancen mutumin nan na ofis ɗinku da babanki ya ce ya zo gaishe shi sau biyu."

Zulaiha ta dubi mahaifinta. Malam ya miƙe ya ce zai leƙa masallaci, ko da yake da sauran lokaci kafin a kira salla.