Taimakon Goggo Tambaya

Wasila ta dawo Gusau daga makarantar koyon girki a Kaduna da buri ɗaya: shagon da ke ƙofar gidansu. Jibo tela ma shi yake hari, har ya auna faɗin ƙofar da abin awonsa. Mahaifinta, Alhaji Yahaya, bai ja zancen ba. Ranar Asabar ana bikin Balkisu, 'yar ƙanensa, a Bunguɗu. Ya ce Wasila ta yi kek ɗin nan da ta ishe su da labarinsa. In mutane sun cinye, shago nata ne. In ya yi kwantai, na Jibo.

Kek ɗin bai ba ta wahala ba, a tukunya ta gasa shi bisa yashi mai zafi. Kirim ɗin da ake shafe shi da shi ne aiki: a buga bota da garin sukari har su yi fari, su yi laushi. Garin sukari babu a kasuwa, sai ta daka sukari a turmi ta tankaɗe. Botar gwangwani kuwa ta yi wuya a shekarar, kamar fetur. Ta sa Hajara, Bafulatanar da ke kawo musu nono daga Wanke, ta kawo ɗanyen man shanu sabon kaɗi. Safiyar biki ta wanke shi da ruwan sanyi har tsamin ya fita, ta rufe a kwano, ta fita karɓo ɗinki.

Tun daga zaure ta jiyo ƙamshi. Goggo Tambaya, yayar Alhaji, na tsugune gaban murhu tana juya kasko.

"Goggo, me kike soyawa?"

"Manki na ishe ɗanye, ɗiyata. Wa ka kai ma baƙi ɗanyen mai? Na soye miki shi. Albasa biyu na sa, manya."

"Na kek ne fa, Goggo!"

"To shi kek ɗin ba bakin mutane za shi ba?"

Hajara sai Litinin za ta dawo. Motar Bunguɗu kuma bayan azahar za ta tashi. Wasila ba ta yi kuka ba, don babu lokaci. Ta tace albasar, ta ɗora kwanon a kan ruwan randa har man ya daskare, ta buga shi da sukari har kafaɗarta ta sage. Ta juye kwalbar banila, ruwan ƙamshin kek, gaba ɗaya. Ta ɗanɗana. Kamar an zuba sukari a tuwon dare. Ta ƙara kala ruwan hoda, ko ido ya samu rabonsa, ta shafe kek ɗin da shi.

A Bunguɗu ta ajiye faranti, ta tsaya kusa da ƙofa. Ƙawayen amarya suka fara ɗanɗanawa, suka kalli juna.

"Haka ake yi a Kaduna?" in ji wata.

"Shi ake yayi," in ji Wasila, idonta a bango.

Suka ajiye. Wasila ta fara hango keken ɗinkin Jibo a cikin shagonta.

Sai Inna Ladidi, kakar ango, wadda ta ce ita ba ta cin kek don soso ne da sukari, ta buɗe hanci. Ta miƙa yatsa ta lakato, ta lasa.

"Wa ya yi wanga?"

Aka nuna Wasila.

"Allah shi yi miki albarka. Ashe kek na iya zama abinci. Ku matso, da mai cikinai!"

Tsofaffi suka matso. Kafin la'asar babu ko ɓurɓushi, wata ma da masa ta suɗe farantin. Goggo Tambaya ta bi ɗaki ɗaki tana sanarwa cewa ita ta soya man.

Ranar Lahadi Alhaji ya miƙa wa Wasila mabuɗin shago.

Wasila ta share shago, ta sa aka kawo mata botar gwangwani daga Kaduna, ta buga kirim na gaskiya, fari tas, irin wanda aka koya mata. Mai saye na farko wani Malam Mas'udu ne daga Tsafe, mahaifiyarsa ta aiko shi sayen kek na bikin suna. Wasila ta ba shi a cokali. Ya lasa, ya girgiza kai.

"Ba wanga ba, Malama. Hajiya ta ce mai albasa."

Wasila ta rufe kwanon. A ƙetaren titi Jibo na taka kekensa a gindin itace, kunnensa a shagon. Ta leƙa cikin gida.

"Goggo, hura wuta."