Fuskar Yaya a Jikin Raga

Malam ya ce kowa ya zana fosta a kan abin da ya shafe shi. Ni na zana Yayana bakanike, yana dariya da sifana a hannu, yadda na san shi kafin mota ta kaɗe shi bara.

Sati biyu ina fama. Na fitar da zanen a jikin ragar bugu, irin wadda ake buga hoto a riga da ita, na zuba tawada, na ja da roba, fuskarsa ta fito a takarda har ashirin. Na shanya su, ɗakin ya cika da dariyarsa.

Sai dai raga shida gare mu, mu talatin. Wanda ya gama dole ya wanke wa na baya.

"Malama, ana jira fa," in ji Dogo, ɗan ajinmu.

"Guduwa zan yi da ita? Ka jira mana!"

Na shafa sinadari, na kunna famfo. Sifanar ta fara tafiya, sai hannun, sai haƙoran. Da na ɗaga ragar a haske, inuwar fuskar na nan, dishi-dishi.

Dogo ya ce, "Ƙara dirzawa."

Na miƙa masa burushin. "Kai ka ƙarasa. Ni na riga na rasa shi sau ɗaya."