Butar Shayin Gidan Loke

Shekara goma sha ɗaya ina zuba wa gidan Loke, dangin mijina, shayi. Kowace Lahadi da hantsi mukan hallara a gidan abincin tsoho Fatt, bayan kasuwar garinmu Ipoh, a teburin nan na ƙarƙashin fanka wanda surukata ta kafa wa kahon zuƙa tun tana amarya. Matar ɗa ke riƙe buta, haka muka taras. Ita ke ɗauraye kofuna da ruwan zafi, ta fara zuba wa babba ta ƙare da kanta, in shayi ya ƙare ta karkata murfi don ma'aikata su gani su ƙaro ruwa. Nawa kofin kullum sai ya huce nake kai shi baki.

Mijina Chee Hoong ya rasu shekara uku ke nan, ba mu haihu ba. Kujerarsa tana nan, surukata, wadda nake kira Mama, ita ke ɗora jakarta a kai don kada wani ya ja ta. Ban daina zuwa ba, ba wanda kuma ya ce in daina. Iyayena sun daɗe da rasuwa, in ka ɗauke teburin nan ba ni da inda zan zauna a ce da ni 'yar gida. Shi ya sa na yi wata guda ina tauna maganar da ke bakina: Boon Teck, mai gyaran agogo a layinmu, ya nemi aurena, na kuma amsa. A ganina ranar da na faɗa, ranar zan yi sallama da teburin, don matar wani ba ta da wurin zama a gidan Loke. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Ran nan wurin ya cika maƙil, ana ta turo amalanken abinci, tururi na tashi daga ƙananan kwandunan gora. Ƙanwar mijina Yoke Peng, wadda ko da ƙafar kaza a bakinta ba ta iya shiru, ta tare amalanke ta sauke mana ƙullin jatan lande da fanken tururi da faten shinkafa. Tana zama ta dubi hannuna, ta ce wai agogona ya cika lalacewa kwanan nan, sau huɗu a wata, ko dai in sayi sabo in huta? Kawu Seng, wan Mama, ya ƙyalƙyale har ya ƙware. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe zancen ya riga ni isowa, ni kaɗai nake ta ɓoyon abin da kowa ya sani.

Mama ba ta yi dariya ba. Dama mace ce da ko abinci ya yi mata daɗi, cewa take gishiri ya yi yawa. Na miƙa hannu zan ɗauki buta kamar kullum, sai ta janye ta gabanta.

"Bari," ta ce.

Raina ya ɓaci. Shekara goma sha ɗaya, a ce ko bakina ba za a jira a ji ba? Na sunkuyar da kai ina neman jakata da ƙafa, ina lissafin yadda zan tashi ba tare da na yi kuka a gaban mutane ba.

Da kanta ta ɗauraye kofunan, ruwa na zuba a tebur. Yoke Peng ta ce ta kawo ta taya ta, Mama ta harare ta. Sannan ta ɗaga butar da hannu biyu, ta tsallake Kawu Seng da furfurarsa, ta cika kofin farko ta turo gabana.

"Matar ɗa ce ke zuba shayi, Pek Har," ta ce. "'Yar da za a aurar kuwa, zuba mata ake yi."

Na daina neman jakata. Ta tambaye ni ko mutumin yana cin ƙafar kaza, na ce yana ci. Ta ce to ya zo Lahadi mai zuwa ƙarfe goma, kuma mai gyaran agogo ba shi da hujjar makara. Daga nan ta ɗauke jakarta daga kujerar ɗanta ta ɗora a cinya, ta ɗaga kai tana kallon fanka, ta daɗe ba ta sauko da idonta ba.

"Mama," na ce, "ki fara sha."

"Ke dai sha," ta ce, ba ta dube ni ba. "Tun da kika shigo gidana ban taɓa ganin kin sha shi da zafi ba."

Na ɗauki kofin da hannu biyu na kurɓa. Ya ƙona mini harshe, amma ban ajiye ba sai da na shanye.