Ɗoɗɗoyar Inna Lami

Tun da muka baro ƙauyenmu na bayan Kuceri muka kama ɗaki a Gusau, ban sake ganin ɗoɗɗoyar kurmi ba, irin mai shuɗin fure da ke fitowa a inuwar manyan itatuwa. Surukata, Inna Lami, ita ke tsinko ta kowace damina, ta murza ganyen ta shafe ɗiyata Bara'atu kafin magariba saboda sauro. Inna ta rasu kafin mu yi gudun hijira. Can muka bar kabarinta.

Daminar bana, wata la'asar, Bara'atu ta shigo daga zaure da ɗanyen reshe a hannu, jikinta duk ƙamshin ɗoɗɗoyar nan.

"Wa ya ba ki?"

"Inna. Ta ce sauron birni ya fi na gida mugunta."

Na leƙa zaure, ba kowa. Na tambayi matan gidan, na tambayi masu ganye a kasuwa, duk ta lambu suke da ita, mai farin fure. Da mijina Kamilu ya dawo daga kabu-kabu na nuna masa. Ya shinshina, ya ajiye a hankali.

"Ki riƙa yi mata addu'a," ya ce. Ranar bai taɓa tuwo ba.

Addu'a kam na yi. Amma kullum la'asar sai ƙamshin ya tashi, ko da na rufe yarinyar a ɗaki. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne ranar da ta ce, tana goya 'yar tsanarta:

"Inna ta ce in ba mai shafa min a nan, za ta tafi da ni inda ganyen yake da yawa."

Ban tsaya kuka ba. Na karɓi reshen ranar na dasa a fasasshiyar tukunya. Ya kama da saurin da ban so ba. Tun azahar nake zaunar da Bara'atu in murza in shafe ta, ina faɗa a fili: "Inna, ga shi ina yi. Ki huta, Allah ya jiƙanki."

Jiya na tambaye ta ko Inna ta zo.

"Ta zo. Ta shinshina ni, ta ce to, ta bar miki ni."

Na jawo ta jikina na ƙanƙame. A bayan kunnenta, inda na manta ban shafa ba, ga koren shatin babban yatsa, ko bushewa bai yi ba.

Yau ta bayan kunnen na fara shafawa.